Ganyen da Baba Ya Jiƙa wa Tarwaɗar Rijiyarmu

Na fi mako biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. In na fara layi ɗaya a bayan littafin da nake rubuta awon mutane a shago, sai in ce a raina, yanzu mutum mai shekara hamsin da ɗoriya zai fito gaban jama'a yana kuka a kan kifin da bai fi tsawon yatsa ba? Ga shi karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abin da za a yi mini dariya. Amma jiya da hantsi na sunkuya a kan akwatin gilashin da ke ɗakin mahaifina, sai wani wari ya bugi hancina, ƙarni haɗe da ruɓaɓɓen ruwa. Na san warin nan. Rabona da shi tun ina ɗan shekara tara. A nan na ce ko za a yi dariya a yi, sai na rubuta.

Bari in fara gaya muku halin da ake ciki. Mahaifina yana kwance a gidana a Ƙafin Maiyaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya kama. Akwai kifi guda ɗaya da ya rage a cikin akwatin gilashi kusa da shimfiɗarsa, kuma ba shi da lafiya. In kifin bai ci ba, tsohon ba ya ci. Shi ya san maganin, amma ba ya iya faɗa. Ni kuma na taɓa ganin maganin da idona, ban tambayi sunansa ba. Dalilin da ya hana ni tambaya shi ne zan ba ku labari.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a ƙauye irin namu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, gab da dajin Falgore, ya san abin da hakan yake nufi a wancan lokacin. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, wadda ta haifi Baba. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai shigo gida ina zaure, tun daga nesa zai yi gyaran murya, ni kuma in sulale. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka kowa ya taso ya gani. In ya sayo mini takalmi, a ƙofar ɗakin Kaka yake ajiyewa ya ce, "Inna, ga wannan, ko akwai wanda zai yi wa daidai." Ita kuma ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Bari in gwada wa angona. In ya yi masa yawa ni in sa, dama ya ƙi saya mini."

Baba manomi ne da damina, masunci da rani. Da an gama girbi yakan ɗauki komarsa ya tafi Bagauda, sai ya yi wata biyu bai dawo ba. Shekarar da ya haƙa rijiya a tsakar gidanmu, ya kawo wata ƙaramar tarwaɗa a cikin gora ya saka a ciki, don ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da ke faɗawa. Ta girme ni da shekara ɗaya. Kaka takan ce muddin tana motsi a ƙasan rijiyar, kowa ya sha ruwa hankalinsa kwance. Da rana tsaka, lokacin da haske yake sauka har ƙasa, in ka leƙa za ka gan ta tana juyi a hankali, baƙa wuluk, gashin bakinta yana lilo. Nakan ɓoye ɗan ɓawon tuwo in jefa mata, bayan haka kuma in wuni ina fargabar ko na ɓata ruwan da mutane za su yi alwala da shi. Haka Allah Ya yi ni tun ina ƙarami. Akuyar da na ɗaure da hannuna sai na koma sau uku na duba igiyar.

Wata bazara ruwa ya ja baya sosai, sai an ƙara igiya ake samunsa. Ran nan da safe mahaifiyata ta jawo guga, sai ga tarwaɗar a ciki, ko motsin kirki ba ta yi. Gefen jikinta ya yi wani fari-fari kamar an manna mata auduga, ga jan gyambo kusa da wutsiya, gashin bakinta ya guntule. Kaka ta leƙa ta ce kada wanda ya ƙara shan ruwan rijiyar nan. Matan gida suka koma ɗebo ruwa a rafi, tafiya mai nisa a cikin zafin nan.

Ina laɓe a bayan rumbu lokacin da Baba ya duba ta. Sai da ya jiƙa hannuwansa kafin ya taɓa ta. Ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu ya kwantar da ita, ya ɗaga murfin da ke gefen kanta ya duba naman da take numfashi da shi, wanda ya kamata ya zama ja, ga shi ya koɗe. Ya shafa bayanta da yatsa ya murza, yana jin yauƙin jikinta. Ya ɗebo ruwan rijiyar ya shinshina, ya kurɓa ya furzar. Ni ma daga inda nake ina jin warin. Sannan ya ce wa Kaka, "Inna, ba guba ba ce. Ƙasan ne ya ruɓe, sai an yashe rijiyar. Ita kuma za ta tashi in Allah Ya so."

Ya ɗauko wata tsohuwar kwatarniya da cikinta ya yi kore, bai wanke ta ba. Ya zuba ruwan rafi wanda ya kwana, ya barbaɗa gishiri, yawansa ban gani ba don bayansa ya kare ni. Ya shiga ɗaki ya fito da wasu busassun ganye daga jakar fatarsa ya zuba, ya saka tarwaɗar, ya rufe da faifai ya ɗora dutse, ya jawo kwatarniyar inuwar rumbu. Kafin la'asar ruwan ya rine kamar shayin da ba a sa wa madara ba.

A rana ta uku na ɗaga faifan na leƙa. Ruwan ya yi duhu, ganyen sun yi laushi suna nutsewa, ita kuma tana kwance shiru a ƙasa. Na ga kamar kowa ya manta da ita a cikin ƙazanta, kuma in ta mutu ni da na gani na yi shiru alhakin yana kaina. Manya suna can wajen yashe rijiya. Na juye ta a bokiti, na zubar da ruwan a bayan gida, na dirje kwatarniyar da toka da soso har jan yumɓunta ya fito, na cika ta da ruwan randa mai sanyi, na mayar da ita. Na wuni ina jin daɗi. Da yamma ta karkace ta kwanta a gefe ɗaya, bakinta yana buɗewa yana rufewa.

Baba ya tsaya a kanta ya daɗe. Bai dube ni ba, ko da yake ya san inda nake. Ya juya wajen Kaka ya ce, "Inna, a gaya wa mutumin nan naki ya daina taɓa abin da bai sani ba. Ganyen ke nan da ni." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Kaka ta kama kunnena ta ce, "Kai miji ba amfani! Ni ban taɓa ganin ka wanke mini ko ƙwarya ba, sai kishiyata ta cikin ruwa ka yi wa aikace? To ga shi ka kusa kashe amaryar taka." Tana faɗa tana share mini hawaye da bakin zaninta.

Washegari bayan sallar asuba ta tashe ni ta ce, "Ga shi can ya fita. Bi shi. Kai ka zubar, kai za ka ɗauko." Na ce, "Kaka, in ya kore ni fa?" Ta ce, "Da wane baki? Ai sai ya yi maka magana kafin ya kore ka."

Na bi shi, tsakaninmu kamar taku ashirin. Ya san ina bayansa, domin in na tsaya cire ƙaya shi ma sai ya tsaya yana gyara hula. Muka bar gonaki, muka bi hanyar shanu, ƙasa ta tsattsage, ciyawa ta bushe tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Muka wuce wata ruga, ya tsaya suka gaisa da wani dattijo. Dattijon ya hango ni ya ce, "Wancan naka ne?" Baba ya ce, "Na tsohuwa ne." Suka yi dariya. Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa wani kwari, a nan ya ratse ya durƙusa a gindin wata bishiya ya fara tsintar ganyen da suka zuba.

Nan ne abin da ke damuna yau. Ban kalli bishiyar ba. Ban taɓa samun damar kallon mahaifina na tsawon lokaci haka ba, don haka shi na tsaya kallo. Har yanzu zan iya gaya muku inda aka yi wa rigarsa faci a kafaɗa, da shuɗin zaren da aka yi facin da shi, da faso a dugadugansa. Abin da na riƙe na ganyen kaɗan ne. Faɗinsa ya kai tafin hannun babba, busasshe ne, launinsa tsakanin ja da ƙasa-ƙasa, yana da kauri kamar fata. Yakan juya bayansa ya shafa da babban yatsa, ya karya gefensa ya shinshina. Wanda ya taɓa laka yakan jefar. Da jaka ta cika sai ya ajiye ta a ƙasa ya kama hanya, ni kuma na zo na ɗauka. A hanyar dawowa na tarar da kanya guda biyar an jera a kan wani dutse a tsakiyar hanya, shi kuma yana can gaba yana kallon sama kamar yana duba hadari.

Tarwaɗar ta tashi. Bayan kamar kwana goma farin ya zube, gyambon ya rufe, aka mayar da ita rijiyar da aka yashe. Tana nan har na bar ƙauyen na tafi koyon ɗinki. A duk shekarun da suka biyo baya ban taɓa cewa, Baba, wane ganye ne wancan ba. Ban ma san ta yadda ake fara irin wannan magana da shi ba. Gaisuwa ce a durƙushe, kai a ƙasa, in tashi in ba shi wuri.

Kaka ta daɗe da rasuwa, mahaifiyata ma haka. Shekara biyu da suka wuce ciwon ya kayar da Baba a gona, na ɗauko shi na kawo shi gidana. Ni da ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, yanzu ni nake yi masa wanka, ina yi ina kallon bango, shi ma yana kallon wani bangon. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, "To." Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake ƙin abu, da ita yake faɗa. Girgiza kai da gyaɗa kai ma sun cakuɗe masa. Watanni ya yi yana kwance fuskarsa a bango, sai an yi da gaske yake shan koko rabin kofi.

Ƙanena direba ne a Kano. Shi ya zo da akwatin gilashin, da ɗan injin da ke hura kumfa, da kifaye huɗu jajaye masu baza wutsiya. Na ce masa ni ina tsoron haƙƙin dabba, a tsare rai a cikin gilashi in ya mutu wa za a tambaya? Ya ce, "Yaya, kai komai sai ka ga haƙƙi a ciki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin ruwa kun ajiye shi yana ƙirga tsagar bango, wannan ba haƙƙi ba ne?" Aka ajiye akwatin a kan benci daidai fuskarsa. A ranar Baba ya yunƙura da kansa aka jingina shi. Ya kafa doka ba tare da magana ba: sai an zuba masa abincin kifin a tafin hagu ya barbaɗa, ya ga kowanne ya ci, sannan zai buɗe baki a ba shi nasa. Ya yi ƙiba. Maiɗakina ta ce har ta ji shi yana dariya ran da babban cikinsu ya ture ƙaramin.

Da marka ta kama, aka yi kwanaki ba rana, sai kore ya fara bin gilashin, ruwan ya ɗan yi duhu. Abin ya tsaya mini a rai. Ina kan keken ɗinki ina tunaninsa. Ranar da ƙanena ya zo ya kai Baba asibiti a duba shi, na rufe shago na dawo gida. Na kwashe kifayen a roba, na wanke akwatin da garin sabulu, na dirje duwatsun ƙasan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye sau bakwai don kada kumfa ta rage, na cika shi da sabon ruwan burtsatse mai sanyi. Wallahi ko sau ɗaya kwatarniyar nan ba ta faɗo mini a rai ba. Da aka shigo da Baba ya ga gilashin yana ƙyalli, ya fara dukan tabarma da hannun hagu yana cewa, "To! To! To!" Na zaci murna yake yi.

Kwana uku bayan haka ƙananan fararen ɗigo suka fito musu, kamar an yayyafa musu gishiri. Suka tsuke fikafikansu, suna goga jikinsu da duwatsu, suna hawowa sama suna haki. Ɗaya ya mutu. Ƙanena ya haɗa ni da mai sayar da su a waya, na gaya masa abin da na yi. Ya ce, "Baba tela, sabulu? Ruwan duka ka canza? Ai abin da ka kankare shi ke riƙe da su." Ya aiko da wani shuɗin magani a 'yar kwalba, ya ce in ɗiga, in ƙara gishiri kaɗan, in riƙa rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ina cikawa da wanda ya kwana, kada in bari ya yi sanyi, in rage musu abinci. Na yi duka. In an ɗauke wuta injin ya tsaya, nakan zauna da kofi ina ɗiba ina tsiyayawa don iska ta shiga.

Sai na ƙara wani laifin. Na sa aka kawo mini wani kifin mai kama da wanda ya mutu, na saka lokacin da Baba yake barcin rana. Da ya farka ya dubi akwatin, bai fi ƙiftawar ido ba ya juya fuskarsa bango. Ranar ko ruwa sai da aka yi masa dole. Na durƙusa a bayansa na ce, "Baba, na yi maka ƙarya, ka yafe mini. Ni na wanke, ni na canza." Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Bai juyo ba. Baƙon kifin ya riga sauran mutuwa, biyu suka bi shi a cikin mako. Saura ƙaramin nan da ake turewa. Ɗigon ya ragu ya sake dawowa, yanzu kuma wani fari kamar auduga ya fito masa a gindin wutsiya, irin wanda na gani a jikin tarwaɗar.

Na hau babur na koma ƙauyenmu neman kwarin nan. Masara ce ko'ina, bishiyoyin an sare an yi gawayi, ban ma gane inda hanyar shanun take ba. Wani tsohon makiyayi da na samu a bakin daji ya saurare ni, ya ce zai iya zama baushe, zai iya zama taramniya, wasu kuma marke suke jiƙawa, amma shi na shanu ya sani, ba na kifi ba. Ya ce in yi hankali, akwai ganyen da in ya shiga ruwa kifi birkicewa yake yi ya taso. Ya tsinko mini kowanne, ɗanyu, don a damina ba a samun busasshen da bai taɓa laka ba. Na kawo na jera a gaban Baba. Na ɗaga na farko ya ce to. Na biyu, to. Da na miƙa masa baushe ya karɓa, ya juya bayansa ya shafa da babban yatsa, ya kai hanci, sai hawaye. Ban sani ba ko shi ne, ko kuwa kukan ba shi ba ne yake yi. Na kasa sakawa. Sau biyu hannuna yana ɓarna da niyyar gyara, ba zan iya na uku da zato ba.

Yau da safe na kawo masa koko ya dantse baki. Na zuba masa abincin kifin a tafi, ya barbaɗa, muka zuba ido, kifin bai taso ba. Sai Baba ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Leɓensa yana rawa, yana ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi. Na matso da kunnena. Abin da ya fito shi ne, "To."

Yanzu an daina saka tarwaɗa a rijiya, rijiyoyin ma an cike su. 'Ya'yana suna zama kusa da ni su tambaye ni duk abin da suka ga dama, har wanda bai kamata ba, kuma ban hana su ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman masunta na wajen Bagauda, da 'ya'yan masunta, da masu ajiye irin wannan kifi a gida. Wane ganye ne ake jiƙa wa kifi mara lafiya ruwan ya rine kamar shayi? In baushe ne, wanne, don an ce mini ba iri ɗaya ba ne? In na shanya ɗanye a inuwa zai yi, ko dole sai wanda ya faɗo da kansa? Guda nawa ake sakawa a ruwan da bai fi bokiti uku ba? Ana haɗa shi da shuɗin maganin nan, ko sai na bari ya fita tukuna? Kuma abin da tarwaɗa ta jure, wannan ɗan jan kifin zai jure? Wanda bai tabbata ba, don Allah ya ce bai tabbata ba, ba zan ji haushi ba. Kada dai a ce in sayo wani. 'Ya'yana ne za su ɗora mini wannan a intanet, ku rubuta amsar a nan inda kuka karanta, ina dubawa bayan kowace salla. Kifin yau kwanansa huɗu bai ci ba. Baba kwanansa biyu ko da dole bai buɗe baki ba.